Gurbi Ba Sifili Ba Ne

"Mama, ko korata za a yi daga aiki, ba zan taɓa sa hannu a kan lambar da ban bi ta da idona ba."

Kai ka faɗi wannan, Babbana, a tsaye a ƙofar kicin, ranar da aka ɗauke ka aikin mai ba da shawara kan sauyin yanayi, kana sanye da kwat ɗin da ta yi maka yawa a kafaɗa. Ban roƙe ka ba, ban sa ka rantse ba. Da bakinka ka faɗa, ƙannenka biyu suna ji. Na fara da maganarka ne don ka san wasiyyar nan ta ku uku ce, amma kai ne ka hana ni rubuta ta cikin natsuwa.

Ina rubutu da hankalina cikakke, ba magani ne yake magana ba. Likita ya duba zuciyata ya ce sai an buɗe ta, bai ce wani abu ya taɓa kaina ba. Ya ce kashi takwas cikin goma zan tashi lafiya. Na yi masa godiya, domin na ƙare ƙuruciyata ina gaya wa mutane irin wannan lissafi a kan ruwan sama, kuma na san ma'anar ragowar biyun. Mai hankali, ko an ce masa da wuya a yi ruwa, yakan saka lema a mota. Wannan takarda ita ce lemata. Ina sa ran in dawo in yaga ta da hannuna.

Na ɗaya. Gado yana da ƙa'idarsa, ban taɓa ta ba. Gida da abin da ke banki a raba yadda shari'a ta ce. Ba na bin kowa bashi, ba a bi na. Abubuwan da zan lissafa a ƙasa kyauta ce na bayar ina raye, Babanku shaida ne, don haka kada in ji wani ya ce an fifita wani.

Na biyu. Auta, littattafan da ke kantar ɗakin karatu naka ne, har da waɗanda na cika gefensu da zagin marubutansu. Ka ce min kana son ka bi hanyata, ka karanci nazarin bayanan yanayi, sai dai kana tsoro saboda abin da ka gani tsakanin yayyenka. Kada ka ji tsoro. Lokacin da na fara, mu kaɗan ne a wani ofis mai fanka ɗaya, muna kwafe alƙaluman ruwan sama da fensir, kuma idan na ce wa mutum aikina, sai ya tambaye ni ko gobe zai iya shanya. Yau manoma suna nemanmu, masu gina hanyoyi suna nemanmu, asibitoci suna son sanin yaushe zafi zai yi tsanani, masu inshora ba sa motsi sai sun ji daga bakinmu. Aiki ba zai yi maka wuya ba. Ka riƙe lissafi da kyau, ka koyi sarrafa bayanai a kwamfuta har ya zama kamar numfashi, sannan ka koyi abin da ba a koyarwa a aji: yadda za ka yi wa mutumin da bai taɓa ganin jadawali ba bayani ya gane, ba tare da ka raina shi ba kuma ba tare da ka yi masa ƙarya ba. Kuma ka je tashar auna yanayi da ƙafarka. Wanda bai taɓa ganin ma'aunin ruwa a fili ba, da tsuntsu ya yi kashi a mazurarinsa, yakan ɗauka lambobi daga sama suke saukowa a wanke.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi. Zan faɗe shi dalla-dalla, saboda Auta da Babanku sun ji hayaniyar amma ba su san asalinta ba.

Wani kamfanin gine-gine yana son ya gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi a kwarin da ke bayan tsohuwar tashar auna yanayi, inda na yi aikina na farko. Doka ta ce sai an kawo rahoton masani a kan haɗarin ambaliya. Kai suka ɗauka, Babbana. Ka ɗauko bayanan ruwan sama na tashar, ka zuba su a manhaja, ta fitar maka da cewa ruwa mafi ƙarfi da za a iya samu a wurin ƙaramar magudana ma za ta ɗauke shi. Ka sa hannu.

A cikin bayanan nan akwai damina biyu da aka bar gurbinsu babu komai. A aikinmu, gurbi yana nufin ba a auna ba. Sifili yana nufin an auna, ba a samu ko ɗigo ba. Wannan shi ne darasin farko da ake koya wa duk wanda ya shigo ofis, kafin a nuna masa inda banɗaki yake. Manhajarka ta ga gurbi, ta cike shi da sifili, ta ɗauka shekarun fari ne.

To ni ce na bar gurbin nan. Ka san dalili? A damina ta farko ruwa ya sauka har ya tumɓuke ma'aunin da gindinsa na siminti, muka tsince shi a maƙale a shingen wata makaranta. Ina ɗauke da cikinka a lokacin, na shiga taɓo har gwiwa ina nemansa. Aka kafa sabo, damina ta gaba ta sake tafiya da shi, har da ƙofar ofis. Ba mu rubuta komai ba domin abin da zai auna ruwan, ruwan ya cinye shi. Wato shekarun da rahotonka ya ce ba a yi ruwa ba, su ne shekarun da aka fi yin ruwa a tarihin kwarin. A kan wannan sifilin ƙarya za a ɗora ɗakunan kwanan yara.

Kuskuren farko na na'ura ne, kuma babu wanda ya yi wannan aiki bai taɓa faɗawa ramin nan ba. Ban yi fushi da shi ba. Na biyun ne naka. Ƙanwarka ta gano, ta nuna maka, ka gani, ka gane. Sai ka ce rahoto ya riga ya fita, kamfani ya karɓa, idan ka janye sunanka zai ɓaci a kasuwa tun ba ka yi ƙarfi ba. Ka ce ai shekara biyu ne kawai a cikin shekaru masu yawa. Kai da ka yi digiri biyu! Magudana ba don matsakaicin ruwa ake gina ta ba, don rana mafi muni ake gina ta, kuma ka san haka fiye da ni, domin littattafanka sun fi nawa sabunta.

Abin da nake so: ka rubuta wa kwamitin tsara gari cewa ka janye rahoton, ka faɗi dalili da sunansa, ka sake lissafi da bayanan tashoshin da ke maƙwabtaka da na tauraron ɗan adam. Ban ce kada a yi ginin ba. Mutane suna buƙatar gidaje, kuma na san matan da suke tara kuɗi don samun ɗaki a wurin. A ɗaga harsashi, a faɗaɗa magudana, a bar ƙasan kwarin fili ruwa ya samu hanyarsa. Wannan ita ce shawarar da aka ɗauke ka ka bayar. Mai ba da shawara da yake faɗin abin da mai biyansa yake son ji kawai, ba masani ba ne, hatimi ne mai ƙafa biyu.

Game da sunanka kuwa, ka saurare ni, na fi ka daɗewa a cikin mutanen nan. Za ka rasa wannan kamfani, babu shakka. Amma fagenmu ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma mutumin da ya taɓa cewa "na yi kuskure, ga gyara" shi ake nema idan aiki mai haɗari ya taso. Na gani sau da yawa. Na kuma ga abin da yake faruwa da wanda ruwa ya tona.

Na huɗu. Uwata, 'yata tilo, kwamfutata da duk abin da ke cikinta naki ne, da kujerar nan mai juyawa da kike sacewa tun kina firamare. Ke kika gano gurbin, kuma na yi alfahari da ke har na kasa cin abinci. Idonki ya fi nawa. Amma ban gama da ke ba. Kin yi daidai da kika samu yayanki a keɓe tun farko. Da ya ƙi, me ya kai ki ɗora hoton shafin a dandalin iyali na waya, inda kawunnai da gwaggwanni suke, ki rubuta a ƙasa wai ga masanin da ya ƙirƙiro fari? Na yi dariya, ba zan ɓoye ba, amma ba daidai ba ne. Kin mayar da maganar rayukan mutane ta zama maganar wa ya fi wa, kin toshe masa ƙofar da zai fito ta cikinta da mutuncinsa. Bakin nan naki a wurina kika gaje shi, na san daɗinsa, na kuma san abin da ya ja min. Ki goge hoton. Ki ba yayanki haƙuri a kan wulaƙancin, ba a kan lissafin ba. Idan ya zauna sake aikin, ki zauna kusa da shi ki taya shi, kuma kada kalmar "ai na faɗa maka" ta fito daga bakinki, ko da za ta shaƙe ki.

Na biyar. Surukata, matar Babbana, awarwarona na zinariya naki ne. Tun da rigimar nan ta tashi ke kaɗai kike shiga gidajen biyu, kina kai jikokina wurin gwaggonsu kamar ba abin da ya faru. Na lura. Na san kuma idan mijinki ya rasa wannan aiki, a tukunyarki za a fara ji. Ki yi haƙuri da ni. Ba na son ki wayi gari wata damina kina kallon labarai, ki san da sa hannun wa aka yi ginin.

Na shida. Akwai tsohon shugabana, wanda ya ɗora sunansa a gaban nawa a kan binciken da ni na yi shi daga farko har ƙarshe. Na ɗauki shekaru ba na amsa gaisuwarsa. Ku gaya masa na yafe. Idan ya zo ta'aziyya ku ba shi kujera mai kyau. Idan ya tashi zai yi jawabi, ku ce lokaci ya ƙure.

Na bakwai. Babanku. Mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, shi ya sa kuke ɗauka ba abin da yake damunsa. Tun da kuka daina magana ya rame, yana zama a baranda da waya a hannu, yana jiran ɗayanku ya kira. Kullum cewa yake a bar yara za su sasanta. Na bar ku, ban ga kun sasanta ba. Idan ban tashi ba, kada ku bar shi shi kaɗai a gidan nan da shirunsa. Maganin hawan jininsa yana aljihun tebur na hagu, kuma zai ce muku ya sha alhali bai sha ba. Ku riƙa haɗuwa a teburinsa ko sau ɗaya a wata, ku ukun, da iyalanku. Ku yi gardama a kan lambobi yadda kuke so, a gidan nan aka yaye ku da ita, amma a gama a ci abinci a kwano ɗaya.

Duk da fushin da ke cikin takardar nan, ku sani ban taɓa jin daɗin duniya kamar yanzu ba. Na shiga wannan aiki ana yi mana kallon masu duba, yau ga ɗana ana biyansa don a ji shawararsa, ga 'yata tana gano abin da na'ura ta kasa, ga autana yana ƙoƙarin shigowa. Zafi yana ƙaruwa, damina ta daina bin tsarin da muka sani, wannan gaskiya ne, ni na auna da hannuna. Amma masu aunawa ma sun ƙaru, kayan aikinsu sun fi namu nesa ba kusa ba, kuma an fara sauraronsu. Abin da ya rage shi ne su riƙa faɗin gaskiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da za su tsaya muku a kan gaskiya ko da ba ku so, Ya haɗa kanku ina raye da bayan raina. Na yafe muku duk abin da kuka yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ku ma ku yafe min kaifin harshe.

Saura magana ɗaya, Babbana, kuma saboda ita ne za a kai muku takardar nan yau, ba sai bayan raina ba. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis da safe, ni kuma Juma'a za a kwantar da ni. Na ba ka zuwa la'asar ta ranar Laraba ka aika musu da takardar janyewa, ka turo min kwafi. Idan la'asar ta wuce ban gani ba, ranar Alhamis zan sa tufafina masu kyau, ƙanwarka ta tura ni a keken asibiti har cikin zauren, in nemi izinin magana a matsayin wadda ta yi aiki a tashar, in gaya musu abin da ya faru da ma'aunin a daminar nan biyu. Ba zan zage ka ba, ba zan kuma rufa maka ba.

Amma ban yi tsammanin za a kai ga haka ba. Ni na raine ka, na san yadda kake yi: sai ka yi taurin kai har bakin ƙofa, sannan ka juyo. Idan takardar ta iso, zauren dai zan je, sai dai kai za ka tura keken, kai za ka yi magana, ni kuma in zauna a baya in rufe bakina. Babanku ya ce zai zo don ya ga wannan da idonsa.