Kujerun da Aka Hana Gidanmu a Makokin Yasir

Zuwa ga baffanmu, Ammu Alhaji Idris, shugaban jam'iyyar Hausawan unguwarmu ta Utaibiyya a nan Makka, da sauran dattawan majalisarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ni ne Sani mai gyaran wuta, ɗan marigayi Malam Haruna, na gidan ƙarshen lungun bayan masallaci. Na sa wannan wasiƙa a gurup ɗin jam'iyya ne saboda a idon jama'a aka yi mana abin da aka yi, kuma duk zuwan da na yi majalisarku sai a ce in dawo wani lokaci. Na gaji da dawowa.

Ga wanda bai sani ba, in har akwai shi: ƙanena Yasir ya rasu a watan Safar a wata ƙasar Turai, bayan gajeriyar jinya. Karatu ya kai shi can, bai dawo ba. Shekarun baya wani hoto ya fito, yana tsaye da wani namiji a ofishin hukuma, an ba su takardar da dokar can take kira aure. Hoton ya gama zagaya wayoyin unguwar nan kafin ya iso gidanmu.

Na ɗaya, ga matsayina, don kada a yi mini ƙage. Ni Musulmi ne, a garin nan aka yanke mini cibiya. Abin da Yasir ya shiga haramun ne a addinin da na sani, kuma takardar nan ba ta taɓa zama aure a wurina ba. Na faɗa masa haka da bakina, ban rage masa komai ba. Amma ban taɓa jin ya ce ya bar Musulunci ba. Yana azuminsa, kuma Juma'a ba ta wucewa bai kira Inna ya ce ta sa masa albarka ba. Malaman da ku da kanku kuka tura mu wurinsu muna yara, su suka koya mana cewa babban zunubi ba ya fitar da mutum daga addini. Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, kuma ba a ce za a nemi shawarar jam'iyya ba.

Na biyu, abin da kuka yi. Kowa ya san yadda muke azza, wato zaman makoki, a nan. Idan an yi rasuwa, a jera kujeru a ƙofar gida, a ja fitilu daga bango zuwa bango, 'yan uwan mamaci su tsaya a layi tsakanin Magariba da Isha, jama'a su bi suna dafa kafaɗarsu suna cewa azzamallahu ajrakum, Allah ya girmama ladarku. Kwana uku ake yi. Kujerun da fitilun na jam'iyya ne, suna kulle a sito. Tun ina saurayi ni ke ɗaura waɗannan fitilu a kowane makoki na unguwar nan, in dai ba na Mina wajen aikin tantuna. Ni na ɗaura su ranar da Hajiyarku ta rasu, Ammu, kuna tsaye kuna riƙe mini tsani. Da na zo neman mabuɗin sito don ɗan uwana, sai kuka kawar da kai kuka ce, "Ya waladi, ɗana, wannan mutuwar ba ta kujeru ba ce. Ku rufe ƙofa ku yi shiru, ya fi muku sutura." Kuka kuma hana a sa sanarwa a gurup.

Ban rufe ƙofa ba. Na fito da kujerun cin abincinmu, na ɗaura ƙwan fitila ɗaya a saman ƙofa, na tsaya. Layin 'yan uwan mamaci ni kaɗai ne a cikinsa. Ina kallon mutanen da na yi wa wayarin gida suna fitowa daga sallar Magariba, da sun hango ni sai su karya ta lungun mai burodi. Wani ma wayarsa ya kara a kunne, alhali na ga ba wanda ya kira shi. A ciki kuma Inna ta dafa gahawa, ta zuba dabino a faranti, ta shimfiɗa darduma sabuwa don matan da za su zo. Wata dattijuwa 'yar Chadi mai sayar da sambusa ce kawai ta shigo, ita ma sai da ta waiwaya kafin ta tura ƙofa. Haka muka yi har kwana ukun suka ƙare. Wallahi ban san akwai kunya irin wannan ba.

Na uku, maganar takardar, wadda ita ce ta fi ba ku haushi. Ni ma ta ba ni. Amma ku ji abin da ya faru. Da Yasir ya cika, asibitin can ba su kula mu ba, domin a dokarsu wanda sunansa ke takardar shi ne mai iko da gawa. Da ya so, da ya sa an ƙone ta kamar yadda wasunsu ke yi, mu ba mu da ta cewa. Mutumin nan ba Musulmi ba ne. Shi ya nemi masallaci a garinsu, ya miƙa musu Yasir suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi, aka sa shi a maƙabartar Musulmi yana kallon alƙibla. Sannan ya samo mai jin Larabci ya yi masa tafinta, ya kira Inna yana kuka, ya ce haka Yasir ya roƙe shi. Wannan bai sauya mini hukuncin halal da haram ba. Sai dai tun daga ranar nake kwana da tunani ɗaya: baƙon da nake ƙi, shi ya fuskantar da ƙanena ga Ka'aba daga wata duniya, mu kuma da muke jin kiran sallar Harami daga kan rufinmu mun kasa ba uwarsa kujera.

Na huɗu, kuma a gafarce ni. Na ɗaura fitilu a makokin wanda kowa ya san giya ce ta kashe shi. Na ɗaura a na wanda ya mutu bai yi magana da mahaifiyarsa ba shekara da shekaru. Ba zan kama suna ba, iyalansu suna karanta wannan. Ba wanda ya tambayi aikinsu a bakin sito, kuma daidai kuka yi, domin ta'aziyya ta masu rai ce. To, Inna me ta yi? Matar da ta raini rabin 'ya'yan lungun nan, wadda ba a suna ko biki ba a ga tukunyarta ba, wane laifi ne nata ban da haihuwa?

Tun daga makokin ba ta sake taka waje ba. Ta rame, abinci sai da lallashi. Ba ta zagi kowa ba, da ma ta zaga da na fi samun sauƙi. Makon jiya ta kira ni ta yi mini wasiyya. Ta ce, "Sani, in na mutu, daga Harami ka wuce da ni maƙabarta, ka dawo ka kulle gida. Kada ka je neman mabuɗin nan. Ba na so a hana ka sau biyu."

Don haka ga roƙona. Ban ce ku ce Yasir ya yi daidai ba, ni ma ban ce ba. Ban ce a fito da kujeru yanzu ba, lokacinsu ya wuce. In kuna ganin ta'aziyya bayan kwana uku ba ta dace ba, to ku kira shi dubiyar mara lafiya, ai ba ta da lafiyar. Ku zo, Ammu, ku da dattawa ko da biyu ne, ku bar iyayenmu mata su shigo su zauna da ita. Wani ya dube ta ya ce mata Allah ya ba ki haƙuri. Sannan ina roƙon majalisa ta yanke cewa daga yau ba za a sake hana wani gida mabuɗin sito don laifin wanda ya riga ya tafi ba.

Ku yi sauri, don Allah. Na ce mata to a kan wasiyyar, kuma ni ba na saɓa wa Inna.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa ku gama da duniya lafiya, ya cika ƙofar gidanku da jama'a ranar da 'ya'yanku za su tsaya a layi. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, har da Yasir.

Wassalam.

Ɗanku,
Sani Haruna
Utaibiyya, Makka