Bencin Aji Uku

Litinin, 4 ga Satumba
An ba ni aikin benci sittin na makarantar mata, irin mai haɗe da tebur. Shekara shida ke nan da ƙone ta, sai yanzu aka tuna da ita. Malama shugaba ta ce in zo in auna ɗaliban tukuna. Ni za a koya wa awo? Na ce mata shekara ashirin da biyu ina riƙe da zarto, tsayin 'yar aji uku a kaina yake. Ban je jami'a ba, amma ba wanda ya ɗora mini shagon nan.

Alhamis, 7 ga Satumba
Uwar yara ta sake tayar da maganar 'yarmu Doguwa. Wai tunda za a buɗe makaranta, a mayar da ita. Shekararta goma sha biyar, a aji uku ta tsaya. Ta zauna cikin 'yan mitsi-mitsi, a yi da ni a kasuwa? Ranar harin da aka ƙone makarantar ni na ɗauko ta a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafarta. Masu wa'azin karatu suna ina ranar? Na ce kada in ƙara jin zancen.

Asabar, 23 ga Satumba
An gama. Ko ƙusa ɗaya ba ta leƙo ba.

Litinin, 25 ga Satumba
Da ma ban tashi ba yau. Na kai benci, na jera, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran yabo. Sai 'yan aji uku suka shigo. Manya ne. Wasu sun kai ni tsayi, biyu da goyo a baya. Gwiwa ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Wata ta zauna a karkace, wata ta maƙale sai da aka jawo ta. Wata mai baki ta ce, "Baba kafinta, na 'yan tsana ka yi mana?" Aji ya ɗauki dariya. Malama ba ta yi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Cewa kawai ta yi shi ya sa ta ce in zo.

Yaran da suka gudu daga ajin shekara shida da suka wuce na auna a kaina. Na manta sun ci gaba da girma.

Talata, 26 ga Satumba
Ba laifina ba ne. A ina aka taɓa ganin 'yar aji uku da goyo?

Juma'a, 29 ga Satumba
Dole a sake ƙafafuwa, a ɗaga tebur. Ba zan koma can su yi mini dariya ba, sai na kira Doguwa shago. Na zaunar da ita, na auna daga ƙasa zuwa gwiwa, na ce ta rubuta arba'in da takwas a jikin katako. Ta riƙe fensir kamar mai riƙe ƙusa. Ta daɗe. Huɗun nata baya yake kallo. Ta ce, "Haka ne, Baba? Na kwana biyu ban yi ba."

Na ce haka ne. Ni da nake lissafin katakon gida guda a ka, 'yata ke nan. Da ta fita na goge.

Litinin, 16 ga Oktoba
Na mayar da benci. Doguwa ta bi ni a mota, don ta riƙe igiya kawai. Malama ta ce ta zauna a gwada. Ya yi mata daidai, ba mamaki, da ita aka auna. Aka miƙa mata littafi, ni kuma ina da aiki a shago, na kwashe kayana na taho.

Uwar yara ta tambaya ina take. Na ce ƙarfe ɗaya suke tashi. Ta buɗe baki, na ce kada ta soma.

Gobe ma za ta je. Akwai benci biyu da nake zargin suna rawa, ina son mai lura mini da su.