Kurɓin Farko Naki Ne, Verna

Verna tawa, hasken safiyata, ke da kika fi ruwan bishiyar mafal na ƙarshen hunturu zaƙi, ke da muryarki ta fi mini kukan agwagin daji ranar da suka dawo tafki, matata, abokiyar faɗana, tsohuwata,

Yau Lahadi ce, farkon Nuwamba, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Tarin ya yi sauƙi. Gwiwar hagu tana nan da halinta, yatsun kuwa sai da na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin suka yarda suka riƙe biro. Amma zuciyar, Verna! Tsalle take kamar ɗan maraƙin da aka buɗe wa garke! Giyar ta yi kumfa, ta yi, kuma babu kwalba ko ɗaya a cikin zancen!

Bari in bi da ke a hankali. Ban taɓa gaya miki abin da 'yarmu Connie ta faɗa mini ba a ƙofar asibiti, ranar da aka yi miki aikin ƙugu. Ta tsaya da makullin mota a hannu, ta yi mini irin kallon nan naki, ta ce, "Baba, kwandon kwalabenka ne ya kayar da Mama a matakala. Muddin akwai hawa da sauka ɗakin ƙasa, Mama tana gidan jinya, ba za ta dawo ba. Ka zaɓa, ko giya ko matarka." Ji 'yarki! Da babu wata hanya, kin san da tuni tukunyar dafa giyar tana bola. Amma ashe ba ta san giyar taki ce ba? Wa ya shuka furen hof ɗin da muke sa wa giyar, wanda ya nannaɗe shingenmu? Wa ke danna murfi ina cika kwalba, tana mita tana dannawa?

Maƙwabcinmu Duane ne ya kawo mafita. Ya same ni ina zaune ina kallon kwalaben, ya ce, "Elmer, kai kaɗai ka rage a gundumar nan kana wanke kwalba kamar mai aikin horo. Ka shigo zamani kafin a rufe ka da ƙasa, tsoho!" Washegari sai ga shi da ɗan tulun ƙarfe, irin wanda ake zuba lemo a da, da tukunyar gas, da tiyo, da agogon auna gas mai allura. Ya hauro da tsohon firjinmu daga ƙasa, ya ajiye shi a kicin kusa da taga, ya huda ƙofarsa ya ɗaura famfo. Famfo, Verna, a daidai ƙugunki! Ba sunkuyo, ba ɗauka, ba matakala. Kwalaben duk na ba shi, ya kwashe har da kwandon. Ƙofar ɗakin ƙasa kuwa na sa mata kwaɗo, makullin yana aljihun Duane, don kada a ce zan yi ha'inci.

Na wanke tulun tas, na juye giyar a ciki ta tiyo, a hankali, ba fantsama. Na rufe, na buɗe gas, na ja ɗan zoben da ke murfin don iskar waje ta fice ta bar wa gas ɗin wuri. Na kwanta ina jin kaina sarki. Da safe allura ta kwanta a ƙasa, tukunyar gas wayam! Kaico! Na kira Duane, ya ce, "Ka shafa ruwan sabulu ko'ina, inda ya yi kumfa nan ɓarawonka yake." Ya cika mini tukunyar ya dawo da ita. Na ɗauki burushin nan naki na shafa man kaza, ki yafe mini, na bi kowace mahaɗa. A bakin murfi sai ga ƙwayaye suna tasowa kamar idon kwaɗi a fadama. Zoben roba ne ya bushe ya tsage, ɗan abu kamar awarwaron jariri. Na canza shi, shiru. Wayyo, daɗin wannan shirun!

To, sai ga matsalar lokaci. Giya ba ta shan gas ɗin da ke sa ta kumfa sai ta yi sanyi, kuma in an bar ta da kanta sai ta ci sati da wani abu. Connie kuwa ta ce yau za ta zo bayan coci, ta duba gidan da idonta, in ya yi mata ta sa hannu a sallame ki. Ina so ta tarar da komai yana aiki, kada ta ce mafarkin tsofaffi ne. Duane ya ce akwai hanyar marasa haƙuri: a ƙara gas, a kwantar da tulun, a yi ta jijjiga shi. Ni da ba na iya ɗaga buhun dankali? Sai na mirgino shi ƙasa a kan tawul, na jawo kujerarki mai lilo, na zauna, na ɗora ƙafar dama a kansa. Ina lilo, yana mirginawa. Ina lilo, gas yana shiga da ɗan sautinsa, kamar buta tana shirin tafasa. Haka muka yi renon Connie da tana ciwon ciki, kin tuna? Na rera masa waƙar ma. Kada ki gaya wa kowa.

Kin tuna shekarar da na zarce da sukari a kwalabe? Mahaifiyarki ta zo cin abincin rana, ta sha kwalliya, tana yanka cuku, sai ƙasan gidan ya ɗauki ƙara, tas! tas! tas! Ta dafe ƙirji tana kiran sunan Ubangiji. Ke ko cokali ba ki ajiye ba, kika ce, "Ci abincinki, Mama, Elmer ne ke yaƙi da sha'ir, kuma sha'ir ke cin nasara." Ranar nan na sake faɗa wa sonki kamar mai faɗawa tafki da kaya a jiki. Wace mace ce ke dariya gilashi yana tashi a ƙarƙashin ƙafarta? Wace, in ba Verna ba? Wannan yaƙin ya ƙare, masoyiyata. Tulun ƙarfe ba ya fashewa, ba ya yankan yatsa, ba ya kayar da kowa.

Jiya na bar ta ta huta a sanyi. Ɗazun nan na ja famfon. Kofin farko ya fito a gurɓace, na zubar, haka ake yi. Na biyu kuwa, Verna! Ja-ja-ja kamar ganyen mafal ɗin ƙofarmu da rana ta haska ta bayansa, ƙwayaye suna hawa a jere kamar 'yan mata za su gidan rawa, kumfa a sama fari fat kamar dusar ƙanƙarar farko, kamar gashinki in kin fito wanka. Na ɗaga shi a taga. Na kai shi kunne. Na shinshina har hancina ya jiƙe.

Amma ban sha ba. Tun tukunyarmu ta farko kurɓin farko naki ne, ki yamutsa fuska ki ce, "Ba laifi, tsoho, ba za ta kashe mutum ba." In ban ji wannan ba, ina zan san ta yi? Na miƙa wa Duane ta kan shinge. Ya shanye ya ce ta yi, amma wa ya tambaye shi?

Ki dawo, Verna. Gidan nan ya yi mini yawa. Agogon bango yana magana shi kaɗai, ni ma haka. Na auna hanya daga gado zuwa kicin, sandar nan taki mai ƙafa huɗu za ta wuce ba ta taɓa komai. Na naɗe darduma, na ɗaura maƙali a banɗaki. Me ya rage? Faɗi, in yi shi ko da rarrafe! Ki sa baki wurin 'yarki, ke kaɗai take tsoro.

Naki tun ina da gashi har yau da babu, naki har ranar da za a kwantar da ni a gefenki a bayan coci,

Elmer

Ƙari: Rana ta faɗi. Connie ba ta zo ba, ba ta kuma kira ba. Miyar da na ɗumama mata ta huce, na mayar. Duane zai kawo miki wannan wasiƙar gobe. Na rage gas ɗin zuwa daidai, na rufe firjin. An ce giyar tulu ba ta salamcewa muddin gas yana kanta, tana iya jira har ƙarshen hunturu. Kofinki yana kan famfon a kife.