Rasuwar Dakta Hadassah Audu da Sunan da Aka Hana Ta Raɗawa

Cikin alhini da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Masu Nazarin Ƙananan Halittu ta Kamazou ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma tsohuwar shugabarmu, Dakta Hadassah Audu, a gidanta da ke Unguwar Boro, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan halittun da ido ba ya gani, masu rayuwa cikin ruwan gishiri, tana ɗebo su daga Keana, garin mahaifiyarta, tana rarrabe su dangi-dangi, har Allah Ya nufe ta da gano wata wadda duniya ba ta sani ba. Da yake masani ba ya sa wa halitta sunan kansa, sai ta yi wa matan da ke dafa gishiri a can alkawarin za ta raɗa mata sunan garinsu.

Ƙa'ida ce kafin suna ya tabbata sai an ajiye halittar da ranta a ma'ajiyoyin ƙasashe biyu. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta danƙa wannan aiki ga wani ɗanmu, wanda ta koyar, ya ci tuwon gidanta, ta tsaya masa ranar aurensa. Ya kai ajiyar, amma ya wallafa binciken ba sunanta, ya kuma raɗa wa halittar sunan sabon ubangidansa na wurin aiki. Wannan cin amana ne, kuma daga cikinmu ya fito. A wannan fanni sunan da aka fara tabbatarwa shi ke zama, don haka ko ɗalibanta dole su riƙa rubuta shi. Tana kwance ta ji.

Muna roƙon Ubangiji Ya ba ta hutawa ta har abada, Ya ba maigidanta Baba Audu, da 'ya'yanta Benson da Debby, ƙarfin zuciyar jure wannan rashi.

Mutumin da ya ci amanarta ya nemi ya yi jawabin yabo a madadinmu ranar jana'iza. Mun ƙi. Matan Keana ne za su yi magana, su da har yau ba mu san da wane baki za mu gaya musu alkawarin da aka yi musu bai cika ba.

Malam Wilson Caleb
Kakakin Ƙungiya