Na Tare 'Yan Dubiya a Ƙofa

Daren Laraba, Zongo

Yau na yi abin da ba a yi, na hana 'yan dubiya shiga. Kumburin hanjin maigidana ya sake tashi, har da jini. Likita ta ce damuwa tana ƙara shi, wai har a jikin kifi ana binciken haka. Ni mai kiwon tarwada ai na sani: in aka dame su, sai su daina ci.

Yayarsa ta taso tun daga unguwar Adakpame da kunu. Ta ce, "Amarya, ni za ki hana ganin ƙanena?"

Na ce, "Yaya, barci yake," alhali idonsa biyu.

Ta dire kwanon a ƙasa, ta juya. Na ɗauka na kai wa maigidana, ya shanye kunun tas. Har yanzu na kasa gaya masa wadda ta kawo.