Kwana Huɗu Ba Kiran Baba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Umma da Yaya da kowa na gida. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya ƙalau, aiki sai godiya.

Baba, na ɗauki biro ne don Yaya ya ce ka yi fushi ka daina kirana, tunda kwana huɗu kana nemana ana ce maka wayata a kashe take. Ya ce tun kana bakin ƙofar asibiti ni ka fara nema, kuma yanzu ka hana kowa ya faɗa mini abin da likita ya ce. Da na ji, sai da na yi hawaye. Laifina ne, amma ba raini ba ne, karambani ne.

Ɗakin malamanmu a ƙasan bene yake, bangonsa da kaurin gaske. In ina sauke wa ɗalibai hotunan darasi, sai ɗan rubutun da ke saman wayar ya sauka daga 4G zuwa 3G, wani lokaci har E, komai ya tsaya cik. In na fita fili ya dawo. Da abin ya ishe ni, na shiga saitin wayar na ɗaure ta a kan 4G kaɗai, har ina yi wa malamin lissafi burga.

Jiya na kai ta wurin mai gyara, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce waya kamar direba ce mai hanya uku: kwalta, burji da 'yar turba. Muddin tana jin ƙarfen sabis sosai, kwalta take bi. In bango ya tare, ko an yi nisa, ko jama'a sun yi yawa a kan ƙarfe ɗaya, sai ta gangara burji don kada tafiya ta tsaya. Kuma tawa tsohuwa ce, ba ta iya amsa kira a kan 4G, dole ta sauka ƙasa ta karɓa. Ni kuwa na toshe mata hanyar. Wato da hannuna na rufe maka ƙofa, ina zaune ina cewa Baba ya manta da ni.

Yanzu na sake ta. Ka yafe mini, ka kira ni ko faɗa za ka yi. A gaida Umma.

Taka har kullum,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da Anti da yara kuna lafiya. Na gode da ka miƙa wa Baba takardar.

Kwana biyu shiru, ina ta leƙen waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Sai na ce bari dai kuskurena ya yi wa wasu amfani. Ranar Laraba na zaga makaranta da 'yan ajina, suna rubuta abin da wayar ta nuna a kowane wuri: ƙarƙashin matakala E, ɗakin karatu 3G, filin ƙwallo 4G. Yaran da ke gyangyaɗi a darasin kimiyya ranar har rige-rigen tambaya suke.

Muka koma aji, sun kewaye teburina muna haɗa bayanai, sai wayar ta ɗauki ƙara. A kan idonsu rubutun ya sauka zuwa 3G, aji ya kaure da ihu. Na duba, Baba ne! Na manta da dokar hana amsa waya a aji na ɗauka, garin sauri na danna lasifika. Sai ga muryarsa: "Malamar zamani, an buɗe wa tsoho ƙofar?" Da ya ji hayaniya ya gaida yaran, ya ce duk ranar da ilimi ya sake yi wa malamarsu yawa su kawo masa ƙara. Har yau tsokanata suke.

Da yamma ya sake kira, muka yi kusan awa guda. Ya faro tun daga layin karɓar kati har zuwa inda likita ya ce ba sai an yi tiyata ba. Na yi ta hamdala ina mamaki, kamar ba kai ka tsegunta mini tun makon jiya ba. Da ka ji yadda muryarsa ta washe! Don Allah Yaya, kada ka tona.

Ƙanwarka,
Auta