Mun Rufe Saman Banɗaki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, Inna, yau da baƙin labari na zo.

Kin tuna Malam Tanko magini? In zai hau soron maƙwabta yin yaɓe, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya har sau uku: "Matan gida, a kimtsa, za a hau sama!" Ke kuma ki kora mu ɗaki kamar kaji. Duk unguwar Jakara ba mai hawa sama bai faɗi haka ba, shi ya sa banɗakinmu bai taɓa buƙatar rufi ba.

To, an yi bene a bayan gidanmu. Ranar Laraba da hantsi, takwararki Hauwa, 'yata, tana wanka, ta ɗaga kai ta ga waya a tagar benen tana kallonta. Mai riƙe da wayar ɗan Malam Tanko ne, Inna. Ɗan cikinsa, magidanci mai 'ya'ya uku. Har yanzu na kasa yarda.

Na kira ƙanena Sani, autanki da ke karatu a Koriya. Ya ce can wayar da ake sayarwa dole ta yi ƙara in ta ɗauki hoto, kuma mai irin wannan aiki kurkuku zai iya tafiya. A Ingila, wai har sunan mutum ake sawa a rajistar masu laifin lalata. Ashe kiran Malam Tanko ne suka mayar doka.

Mu nan, na kai ƙara, amma lauyar da na samu ta ce sai ta laluba ta ga sashen dokar da zai kama ɗan Malam Tanko. Dattawan unguwa kuwa cewa suka yi a rufa asiri, tunda ya rantse ya goge hoton. Wa ya gani?

Hauwa ta daina zuwa Islamiyya. Duk wanda ya duba waya a gabanta, sai ta sunkuyar da kai.

Jiya muka sa kwano a saman banɗakin. Kin sha cewa kowa ya yi ɓarna shi ake killacewa. Ga shi yana yawonsa a kasuwar Kurmi, 'yata muka rufe.

Ban janye ƙarar ba, Inna, ko da za a ce na yi tsaurin ido.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya jiƙan Malam Tanko da bai ga wannan rana ba.

'Yarki,
Binta